Warin Da Turare Ya Kasa Rufewa

"Ba zan ba da 'yata ga mutumin da aka ɗaure wa kai da ƙusa ba! Na gama magana."

Baba ya faɗi haka yana wanke hannu a bakin famfo, ko waiwaye bai yi ba. Shigowarsa ke nan daga kasuwa, wuƙaƙensa na naɗe cikin tsumma a gefen ƙafarsa. Mahauci ne tun tasowarsa, in ya yanke magana ba ya komawa ya duba ko ta yanku.

Auta ta durƙusa a bayansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, ba fa ƙusar kafinta ba ce. Ƙarfe ne likitoci suka sa masa ya riƙe ƙashin wuyan. Wallahi yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da hannunsa."

"Yau yana tafiya. Gobe fa? Ya yi atishawa kan ya gangaro, ke za ki bi shi da gudu ki ɗauko?"

Mama da ke yankan albasa a ƙofar kicin ta ƙunshe dariya, sannan ta haɗe rai.

"Haba Maigida! Ɗan mutane ne fa."

"Ni ma 'yar mutane nake karewa. Ga Mai Ƙanƙara nan, mutum da wuyansa lafiya lau, ga ɗakin sanyinsa, ga motarsa. Duk naman da ya rage min a wurinsa nake ajiyewa, ban taɓa jin ya canja ba. Tun yaushe yake bin yarinyar nan tana yi masa kallon bango?"

"Ba na son sa, Baba."

"Ban ce dole ba. Amma shi ma wancan mai kwalaben ba dole."

Mai kwalaben shi ne Ɗan Turare, saurayin Auta, wanda ke haɗa turare a wani ɗan shago da ke kallon shagon ɗinkinta. Baba dama can bai taɓa ƙaunar sana'ar ba. A ganinsa turare kayan masu ɓoye-ɓoye ne. Mama ta yi shekaru tana roƙonsa ya ɗiga ko ɗigo ɗaya a riga, yana ce mata shi sabulu ya ishe shi.

Auta ta ja gwiwa ta matso.

"Baba, ka manta yadda ya faɗo? Allon shagona yake kafa min. Ni na ce masa ya karkace, ya ƙara hawa ya gyara. Ni na ce, Baba! Tsanin ya zame ina tsaye ina kallo. Ƙarar da wuyansa ya yi a bakin dakali, har yau in na rufe ido ina jin ta. Da aka fito da shi daga tiyata, abin da ya fara tambaya shi ne ko allon ya miƙe. Yanzu in je in ce masa me? In ce na gode, Allah ya ƙara sauƙi, ni na tafi wurin mai lafiya?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Mama ta ajiye wuƙa tana share ido, ko ɗora wa albasa laifin ba ta yi ba.

Baba ya daɗe yana goge hannu da tawul, hannun da ya riga ya bushe.

"Ya zo ƙarshen makon nan."

Auta ta ɗago da sauri.

"Da ƙafarsa. Ba a riƙe ba, ba a tallafe ba. Ya zauna gabana in gan shi ido da ido, in ji abin da ke bakinsa. In bai zo ba, ko da wane dalili, kada a sake kawo min sunansa gidan nan."

Ai bai rufe baki ba Auta ta yi tsalle ta rungume Mama, ta sake ta, ta zari mayafi da tef ɗin awo, ta yi waje. Sai a titi ta lura takalmin ƙafa ɗaya nata ne, ɗaya na Mama.

* * *

Ɗan Turare na gidan yayarsa tun da aka sallamo shi daga asibiti. Auta ta same shi a falo zaune ƙiƙam kamar an dasa shi, robar asibiti ta zagaye wuyansa tun daga haɓa har ƙirji. Rana ake ƙwallawa, amma shi yana lulluɓe da bargo.

"Albishirinka!"

"Duk kwalbar da kike so a shagona."

"Baba ya ce ka zo!"

Ya yunƙura zai miƙe, zafi ya soke shi a ƙeya, ya koma. Ba ya iya juya kai, sai da ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Ki rantse."

"Wallahi! Ƙarshen makon nan. Amma da ƙafarka, ba mai riƙe ka. In ba ka zo ba ya ce shi ke nan."

"Yaya! Yaya, fito ki ji! Mahauci ya ajiye wuƙa!"

Yayar tasa ta fito da kumfar wanki a hannu, ta rangaɗa guɗa, ta kama Auta suka zagaye falon. Sai da ta numfasa sannan ta nuna shi da yatsa.

"Amma kai sai ka fara zuwa asibiti. Tun jiya yake rawar ɗari, Auta, wai shi fanka ce. Fankar da ba a kunna ba! Gobe da safe a je a duba min ciwon nan."

"Za a je, Yaya."

"Tashi tsaye," in ji Auta tana warware tef. "Riga zan ɗinka maka fara, mai tsayin wuya, ta rufe robar nan. Ba na son Baba ya fara da kallonta."

Yaya ta riƙe bakin tef a kafaɗa ɗaya, Auta ta ja zuwa ɗayar. Hannunta na kusantar jikinsa ta ja baya.

"Kai! Jikinka kamar dutsen guga."

"Ke kika jona ni, Tela. Kafin ki shigo a sanyaye nake."

"Kin ji shi ko, Anti? Wuya a karye, baki lafiya lau."

Suka yi dariya su uku. Babu wadda ta lura cewa haƙoransa na haɗuwa.

Washegari ya ce wa Yaya ta zauna, shi kaɗai zai je. In har zai shiga gidan Baba da ƙafarsa, ai gara ya fara gwaji. Ta yarda. Ya fita a hankali yana bin bango, amma da ya kai mararraba bai bi hanyar asibiti ba. Shagonsa ya nufa. Ya ce a ransa bari ya fara gani da idonsa tukuna.

Ya shiga ya turo ƙofa. Kwalabensa na jere a kanta yadda ya bar su, ƙura ta ɗan hau kansu. Ya sassauta robar ta baya, ya ɗaga gefen bandejin, ya miƙa waya ta bayan kansa ya ɗauki hoto.

Da ya duba, sai da ya nemi kujera.

Ɗinkin da ya sauko daga ƙeyarsa zuwa tsakanin kafaɗu ya yi jajur, ya kumbura har yana ƙyalli. A ƙasa ya ɗan buɗe baki, wani ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, yana tsattsafowa.

Ga kuma warin.

Hancinsa ne jarinsa. Yana iya gane turare daga tsallaken titi ya faɗi abin da aka haɗa a ciki. Wannan warin kuwa bai buƙaci gwani ba.

Maganar likitar da ta yi masa aiki ta dawo masa tiryan-tiryan: "In ka ga ja, ko kumburi, ko ruwa, ko zazzaɓi, kada ka jira gobe. Ka dawo, za mu kwantar da kai."

Za mu kwantar da kai.

In suka kwantar da shi, wa zai shiga gidan Baba da ƙafarsa?

Idonsa ya faɗa kan jarkar sifirit da yake tsinka man turare da shi. Zuciyarsa ta buga da murna. Ai asibitin ma warin sifirit yake yi! Me suke da shi wanda ba shi da shi? Ya jiƙa auduga, ya cije gefen rigarsa, ya danna a ciwon.

Wayyo Allah! Sai da ya ga taurari da rana tsaka. Ya daki kanta har kwalabe suka yi ƙara. Amma da zafin ya lafa sai ya yi murmushi. Abin da ya yi zafi haka, ai dole ya kashe komai.

Saura warin. Nan kuma fagensa ne.

Ya jawo ƙaramar kwalba. Almiski mai nauyi a ƙasa, ya danne. Sandal a kai, ya riƙe. Wardi, don a ce ango ne. Ya shinshina, har yanzu akwai wani abu da ke leƙowa ta ƙarƙashi. Ya ɗauko man lemon tsami ya zuba da yawa a sama. Ya sake shinshinawa.

Tsaf! Ko shi bai ji komai ba.

Ya ɗiɗɗiga a sabon bandeji, ya jiƙa soson da ke cikin robar, ya ɗaure. Ya jefa kwalbar a aljihu.

"Me suka ce?" Yaya ta tare shi a ƙofa.

"Sun ce ciwo na kyau."

"Alhamdu lillahi! Amma wannan ƙamshi fa? Kwalba ce ta fashe maka?"

"Gwajin na ango nake, Yaya."

* * *

Ranar ta zo.

Tun safe Auta ta share falon Baba, ta sake sharewa. Ta ƙona hannu a tukunyar shayi ba ta ji ba. Ita da Mama suka laɓe bayan labulen ƙofar ciki, kowace da inda take leƙe.

Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Auta ta leƙa taga, ranta ya ɓaci. Farar motar ɗaukar ƙanƙara ce.

"Wa ya gayyato wannan?"

"Wai wucewa yake ya ce bari ya gaida Babanki," in ji Mama. "Wucewa da sabuwar hula!"

Mai Ƙanƙara ya shigo ya gaida Baba, ya baje a kujera yana kaɗa makullin mota.

"Baba, na ji an ce yau angon ƙarfe zai zo. A ɓoye wuƙaƙe fa, kada su bi shi su manne."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma hana shi ba.

Aka yi sallama.

Auta ta damƙe hannun Mama har sai da ta ce wash.

Ga shi nan! Shi kaɗai, cikin farar rigar da ta ɗinka, wuyan rigar ya rufe robar ruf. Yana takowa a miƙe, kai a sama, kamar wani babban soja. Ya ƙetare dokin ƙofa bai dafa komai ba. Ya durƙusa a hankali ya gaida Baba, ya tashi da kansa, ya zauna.

"Mama, kin gani? Kin gani?" Auta na tsalle a wuri ɗaya, hawaye da dariya a haɗe. "Ko bango bai taɓa ba!"

Ƙamshi ya cika falon har ya tsallako labule. Mai Ƙanƙara ya yi tari da gangan.

"Malam, shagon gaba ɗaya ka sha ne?"

"Na ji an ce za ka zo ne, na ce bari in taimaki jama'a."

Mama ta toshe baki da mayafi.

Baba ya tsura masa ido.

"Ka zo."

"Na zo, Baba. Da ƙafata, kamar yadda ka ce. Ban zo da komai ba sai gaskiyata. Ina son Auta, ina da sana'a, kuma likita ta ce ƙashin zai haɗe. In ka ba ni ita, wallahi ba za ta yi kuka a gidana ba."

Muryarsa na rawa kaɗan. Gumi na bin goshinsa. Auta ta ɗauka kunya ce.

Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Hancinsa ya motsa.

"A kashe fankar nan."

Mai Ƙanƙara ya miƙa hannu ya kashe. Falon ya yi tsit.

Baba ya ja iska a hankali, idonsa a lumshe.

"Lemon tsami."

"E, Baba. Akwai shi a sama-sama, yana sa ƙamshi ya..."

"A kasuwarmu mutum ɗaya ne ke shafa wa nama lemon tsami da safe. Wanda namansa ya juya."

Ya miƙe. Ya zagaya bayan kujerar. Ɗan Turare ya so ya bi shi da kallo, wuya ya hana.

A bayan farar rigar, daidai ƙasan wuya, wani tabo rawaya ya fito ya yi faɗin tafin hannu. Baba ya sa yatsa ya taɓa, ya kai hanci.

"Wannan ba gumi ba ne."

"Baba, ɗan ruwa ne kawai, an ce yana..."

"Ɗauki kofin shayin nan."

"Na ƙoshi, Baba."

"Ban ce ka sha ba. Ɗauka!"

Ɗan Turare ya miƙa hannu. Tun da ya tashi da safe yatsunsa suke masa kamar tururuwa na yawo a ciki, yanzu kuwa ji yake kamar na wani ne aka ara masa. Ya kama kofin. Ya ɗaga. Kofin ya sulale tsakanin yatsunsa ya tarwatse a ƙasa.

Auta ta yaye labule ta faɗo falon.

"Me ya same ka? Ba ka ce sun ce ciwo na kyau ba? Ka yi magana mana!"

"Ban je ba, Tela." Haƙoransa na kaf-kaf. "Da na je, da sun riƙe ni. Da ban zo ba."

Idonsa ya juye, jikinsa ya tafi gefe.

Kafin ya kai ko'ina hannayen Baba biyu sun cafe kansa.

* * *

Ranar an ga gudu!

"Kada wanda ya ja shi! Kada wuyan ya lanƙwashe! Auta, bencin tsakar gida! Kai, buɗe motarka!"

Mai Ƙanƙara ya zaro ido.

"Baba, motar kaya ce fa, a cike take da ƙanƙarar mutane..."

"Zubar!"

Ya kalli Baba, ya kalli wanda ke kwance. Sai ya wurgar da sabuwar hular ya yi waje da gudu. Kan ka ce me, ƙanƙara na ta faɗowa titi tana farfashewa, maƙwabta sun fito suna tambayar ko gobara ce.

Aka kwantar da Ɗan Turare a benci, aka ɗauke shi da bencin gaba ɗaya. Baba na tafiya da baya da baya, kan yaron a tsakanin tafukansa, ko motsi ba ya yi. Mama ta naɗe guntun ƙanƙara a tawul ta cusa masa a hammata, ta bi motar da addu'a har ta sha kwana.

Auta na gaba, rabin jikinta a waje ta taga.

"Ku ba da hanya! Mara lafiya ne! Malam mai lodi, matsa mana!"

Mai Ƙanƙara ya kwanta a kan oda, yana ratsa motoci kamar ba tasa ba.

"A hankali a rami!" Baba ya daka tsawa daga baya.

"Baba, da gudu ko a hankali? Ka zaɓi ɗaya!"

"Duka biyun!"

A baya, Ɗan Turare ya buɗe ido ya ga fuskar Baba a saman tasa.

"Baba... na zo da ƙafata ko?"

"Rufe min baki, maƙaryacin banza. Ka motsa kan nan sai na mare ka."

Amma hannun da ke riƙe da shi ko rawa bai yi ba har ƙofar asibiti.

* * *

Likitar da ta yi masa aikin farko ita ta karɓe shi. Tana kwance robar ta kau da fuska, nas ɗin da ke gefenta ta yi atishawa.

"Me aka zuba a ciwon nan?"

"Turare," in ji Baba. "Sana'arsa ce."

Aka tura shi ɗaukar hoto, aka ɗebi jini. Yaya ta iso a guje, mayafi a hannu, tana cewa in ya tashi ita za ta ƙarasa karya wuyan. Ba a jima ba likita ta fito ta same su a baranda.

"Ƙwayoyin cuta ne suka shiga ciwon. A fatar kowa suke zaune, har tawa, wani lokaci kuma sukan sami hanya ta wurin yanka duk tsaftar da aka yi. Wannan ba laifinsa ba ne. Ɓoyewar ce ta kai mu nan. Abin da ya riƙa zubawa a sama yake tsayawa yana ƙona fata, su kuwa suna can ƙasa suna tara mugunya kusa da ƙarfen. Ita ce ta fara danne lakar wuyansa, shi ya sa yatsunsa ke mutuwa."

"Zai tashi, Likita?" Auta ta tambaya.

"Yanzu za mu koma da shi tiyata, mu buɗe mu wanke. Za mu ɗebi kaɗan a gwada, a gane wace irin ƙwaya ce, a san maganin da zai kashe ta. Kun kawo shi da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. Ba zan yi miki alkawari ba sai na gani da idona."

Ta juya ta shige, ƙofa ta rufe.

Auta ta sulale a jikin bango. Mai Ƙanƙara ya daɗe yana kallon yadda take kuka, rigarsa jiƙe sharkaf. Ya matso kusa da Baba.

"Baba, ni zan koma. Na ga abin da na gani, ba sai an yi min bayani ba." Ya ɗan yi murmushi. "In ya tashi a gaya masa motata ta ɗauki warin turarensa, ya zo ya wanke min."

Baba ya riƙe hannunsa ya girgiza.

Da ya tafi, Baba ya zauna a benci yana kallon tafukansa.

"Da wuyan ne kawai, da na haƙura," ya ce. "Amma mutumin da zai rufe ruɓa da ƙamshi ya kawo min har falona? A sana'ata babu wanda na tsana kamar wannan. Yau ciwo ya ɓoye. Gobe me zai ɓoye miki?"

Auta ta ɗago, idonta jajur.

"Wa ya ce masa ko da wane dalili, Baba?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Kai ka ce. Ni kuma na kai masa da gudu, ina murna, har da ɗinka masa rigar da za ta rufe. Na taɓa jikinsa na ji zafi, ya yi min wasa na yi dariya. Allo na ce ya gyara, ya karya wuya. Kai ka ce ya zo, ya zo yana ruɓewa. Shi ba ya iya cewa a'a in a kaina ne, Baba. Wauta ce, na yarda. Ka zage shi, ni ma sai na zage shi. Amma in ya fito ba ya motsi, mu biyu muka taya shi. Kuma wallahi ko a kwance ne ni zan..."

"Ya isa."

"Baba..."

"Na ce ya isa, Auta." Ya jawo kanta ya ɗora a gwiwarsa, da hannun da har yanzu ke ƙamshin almiski. "Yi addu'a. Surutu ba ya wanke ciwo."

La'asar ta yi, rana ta sunkuya, sannan ƙofar ta buɗe. Likita ta sauke ƙyallen bakinta.

"Mun wanke tas. Ƙarfen na nan daram, ba sai an cire ba. Na ce ya matse min yatsa, ya matse." Ta dubi Auta. "Ke ce mai shagon ɗinki? Yana tambaya wai rigar za ta wanku?"

Yaya ta ƙwala ihu har nas ta leƙo ta ce asibiti ne fa nan!

* * *

Makonni ya yi a kwance, robar magani a jijiyar hannunsa. Yaya ta kwashe duk wata kwalba da ke aljihunsa. Auta na zuwa kullum da maɓallai a gwangwani, tana sa shi tsinta ɗaya bayan ɗaya don yatsun su farka. Ranar da ya zura zare a allura da kansa, sai da ta zagaye ɗakin tana nuna wa marasa lafiya.

Baba kuwa sabon sharaɗi ya kafa.

"Ba na son ƙafarka, na ga abin da ta iya. Kullum zan zo in shinshina wuyan nan. Ranar da ban ji wari ba, ban ji turare ba, ranar za mu yi magana."

Haka aka yi. Yana tashi daga kasuwa zai yi wanka ya zo, ya jira nas ta gama wanke ciwon, ya tsaya daga inda ta ce ya tsaya, ya ja iska. Sai ya ce "Da saura," ya juya ya tafi. Ɗakin gaba ɗaya suka sa masa suna Baba Mai Hanci. Tsohon da ke gadon gefe har roƙonsa yake ya zo ya shinshina masa ƙafa.

Wata rana da yamma, Baba da Mama da Auta duk suna ɗakin, likita ta shigo da fara'a. Ta ce jini ya yi kyau, ciwo ya rufe, sauran maganin a gida zai ƙarasa.

Kowa ya juya ya kalli Baba.

Ya tako a hankali. Ya zagaya bayan gadon. Ya sunkuya, ya lumshe ido, ya ja iska. Ya sake ja.

Auta ta riƙe hannun Mama. Ɗan Turare ya damƙe zanin gado da yatsunsa goma.

"Ba na jin komai," in ji Baba.

"Baba, wannan mai kyau ne ko..."

"Yi min shiru. Hannun nan ya iya riƙe kwalba yanzu?"

"Ya iya, Baba."

"To ka haɗa min turare."

Mama ta saki jakarta a ƙasa.

"Maigida! Kai? Turare?"

"Ɗigo ɗaya zan shafa, rana ɗaya, ranar da zan aurar da 'yata." Ya nuna Ɗan Turare da yatsa. "Mai sauƙi. Kuma ka kuskura ka sa min lemon tsami!"